Fasfo da Biza

Jama'a, kowa ya san al'adarmu. In mutum ya je gidan wani ba ya faɗawa ciki kai tsaye. Sai ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama. Maigida ya fito ya ga ko wane ne, ya ji abin da ke tafe da shi. In ya yarda ya ce masa bismilla, in bai yarda ba baƙo ya juya. To, haka ƙasashen duniya suke. Kowace ƙasa gida ce, bakin iyaka shi ne zaurenta, gwamnatinta kuwa ita ce maigida. Sai dai a wannan zaure ba a sallama da fatar baki. Da takarda ake yi.

A zamanin da, ba haka abin yake ba. Kakanninmu sun tafi Gwanja fataucin goro da jakunansu. Waɗansu sun tashi a ƙasa zuwa Makka, suka bi ta Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, suna tafe suna noma da ƙodago, shekara da shekaru. Sun sha biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya, amma ba wanda ya tambaye su littafi mai hoto. Yau wannan zamani ya wuce. Wanda ya fita ba takarda, ko ya fita da takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ya ɗauko wa kansa wahala. Saboda haka bari mu bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya.

FASFO

Fasfo ɗan littafi ne wanda gwamnatin ƙasarmu take ba mu. A cikinsa akwai sunan mutum, da hotonsa, da ranar haihuwarsa, da garin da aka haife shi. Aikinsa shi ne ya shaida wa duniya cewa wannan mutum ɗan ƙasa kaza ne. A Nijeriya, Hukumar Shige da Fice ita ce ke bayar da shi. Dole mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kowa da nasa, har jariri. Mata ba ta tafiya da na mijinta, ƙane ba ya aron na wansa.

Fasfo yana da wa'adi. Na Nijeriya akwai mai shekara 5, akwai kuma mai shekara 10 wanda aka fito da shi a 2019. Ranar ƙarewarsa tana nan a rubuce a shafin da hoto yake. Mu lura da wannan ƙwarai: ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Mutum ya iya riƙe da fasfo mai rai, amma a mai da shi gida daga filin jirgi don saura wata 4 kaɗai.

BIZA

Mutane da yawa suna tsammani in sun sami fasfo, shi ke nan hanya ta buɗe. A'a. Fasfo daga gidanmu yake fitowa. Biza kuwa daga gidan da za mu take fitowa, watau ita ce iznin maigida. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Waɗansu ƙasashe sukan manna ta a cikin fasfo, waɗansu kuma yanzu sukan aiko da ita ta intanet a buga a takarda.

Biza iri-iri ce. Akwai ta ziyara, da ta kasuwanci, da ta karatu, da ta neman magani, da ta aiki, da ta wucewa kawai zuwa wata ƙasa. Kowace da abin da ta halatta. Wanda ya shiga da bizar ziyara ba shi da iznin kama aikin albashi. In an same shi yana yi, ya karya doka, ko da aikin na halal ne.

Abu uku za mu duba a jikin biza tun ba mu bar gida ba. Na farko, ranar da dole a shiga ƙasar kafin ta wuce. Na biyu, kwana nawa aka yarda a zauna. Na uku, sau nawa aka yarda a shiga, ko sau ɗaya ne ko fiye. Sa'an nan mu duba sunanmu, ko ya yi daidai da wanda ke cikin fasfo harafi da harafi. In an rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can, za a sami matsala.

Kuma mu sani, biza ba ta gama magana ba. Ma'aikacin da ke bakin iyaka yana da ikon tambaya: ina za ka sauka, wa ya gayyace ka, ina guzurinka, ina tikitin komawa? In amsar ba ta gamsar da shi ba, yana iya hana shiga. In ya yarda, sai ya buga hatimi a fasfo da kwanan watan shiga. Daga ranar nan aka fara ƙirga mana kwanaki.

KATIN RIGAKAFI

Ba maigidan da ke son baƙo ya kawo masa cuta. Don haka akwai wani kati rawaya wanda ke nuna an yi wa mutum allurar rigakafin ciwon shawara. Katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. A da, akan sake allurar bayan shekara 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rai. Mahajjata kuma akan ƙara musu da allurar sanƙarau da rigakafin shan inna. Kada mu sayi kati ba allura. Kati yana ruɗin ma'aikaci, amma ba ya ruɗin cuta.

ƘASASHEN MAƘWABTA

Ba kowace ƙasa ke neman biza daga gare mu ba. A 1975 ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas. A 1979 suka ƙulla yarjejeniya cewa ɗan kowace ƙasa cikinsu yana iya shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Shi ya sa ɗan Nijeriya ke zuwa Gana ko Togo ko Sanagal ba tare da ya je ofishin jakadanci ba. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, amma a lokacin duka ɓangarorin biyu sun ba da sanarwa cewa jama'a za su ci gaba da shiga da fita ba biza.

To, kwana 90 ba "wata uku da 'yan kai" ba ne. Ƙirga shi ake yi. Ga misali. A ce mutum ya shiga ran 1 ga Maris. Maris kwana 31, Afrilu kwana 30, sun zama 61. Saura 29. Ashe ran 29 ga Mayu kwanakinsa suka cika. Kafin ranar nan, ko dai ya fita, ko ya je ofishin shige da fice na ƙasar ya nemi ƙarin lokaci.

MAI DOGON ZAMA

Wanda ya yi niyyar zama ya yi sana'a ko karatu, wata takarda dabam yake bukata, watau takardar iznin zama. Ita ma tana da wa'adi, kuma sabunta ta ake yi. Baƙin da ke aiki a Nijeriya su ma haka suke yi a wurin hukumarmu.

Wani zai ce, "Ai na shekara ashirin a can ba wanda ya taɓa tambayata." Haka waɗansu suka ce a Gana. Sun yi gidaje a zango, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da iznin zama ya nema ko ya bar ƙasar cikin mako 2. Dubban mutanen Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe suka sayar da kayansu da araha, suka hau manyan motoci suka fito. A watan Janairu na 1983 kuma Nijeriya ta yi irin wannan a zamanin Shugaba Shehu Shagari, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida. Ashe daɗewa ba ta mai da baƙo ɗan gida a wurin hukuma. Takarda ce ke tsaya masa ranar da iska ta juya.

TAFIYA MAKKA

Tafiyar da ta fi damun yawancinmu ita ce ta ƙasa mai tsarki, don haka mu tsaya a kanta. Bizar Umra dabam, bizar Hajji dabam. A 2022 Saudiyya ta ƙara wa'adin bizar Umra daga kwana 30 zuwa kwana 90. Amma kowace shekara takan sa ranar da dole masu Umra su fita kafin aikin Hajji. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida, watau 29 ga Afrilu. Bizar Umra ko ta ziyara ba ta ba mutum iznin tsayuwar Arfa.

Me ya sa aka yi haka? Mina da Arfa suna da iyaka, mutane kuwa ba su da iyaka. A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince a ba kowace ƙasa kujera 1,000 a kan kowane Musulmi miliyan ɗaya. A 2023 Nijeriya ta sami kujera 95,000. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ce ke raba su ga hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin da aka ba lasisi. Wanda ya bi ta nan, an tanada masa tanti da mota da abinci da likita.

Wanda ya laɓe da bizar ziyara kuwa ba shi da ko ɗaya. A Hajjin 2024 an yi zafi mai tsanani, har ya wuce digiri 51 a Makka. Ministan lafiya na Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, kuma 83 cikin kowane 100 nasu ba su da iznin Hajji. Sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana, ba inuwa, ba wurin hutawa. Allah Ya jiƙansu. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 a kan wanda aka kama zai yi Hajji ba izni. Baƙon da ya zarce wa'adinsa ya kutsa kuwa, a mai da shi ƙasarsa, a hana shi komowa har shekara 10. Wanda ya ɗauko shi ko ya ɓoye shi, tasa tarar ta kai Riyal 100,000.

Mai son zaman aiki a can sai da bizar aiki da katin zama, wanda mutanenmu ke kira igama. Wanda ya zarce ba shi, ya shiga zaman takari. Kullum yana gudun askarawa, zuwa asibiti ya zama masa abin tsoro, in an cuce shi a wurin aiki ba shi da bakin kai ƙara. 'Ya'yan da ya haifa a can su ma su tashi ba takarda.

MU YI HANKALI DA DILLALAI

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna cewa, "Kawo kuɗi da fasfo, sauran aiki nawa ne." Waɗansu na gaskiya ne, waɗansu macuta ne. Mutum ya sayar da gona ko shanu, a kawo masa bizar ziyara a ce ta aiki ce, ko a kawo ta jabu. Ranar da asiri ya tonu, dillali yana gidansa, mai fasfo ne a hannun hukuma. Saboda haka kada mu ba da kuɗi ba rasit. Mu je ofishin hukuma mu tambaya ko kamfanin yana da lasisi. Kada mu karɓi saƙon da ba mu ga cikinsa ba, ko na wane ne. Mu yi hoton fasfo da biza mu bar ɗaya a gida. Dokokin nan kuma sukan sake daga shekara zuwa shekara, sai mu tambaya kafin kowace tafiya. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya fi duka, mu karanta takardunmu da idonmu. Ko da an rubuta su da Turanci ko Faransanci, lambobin dai su ne waɗanda muke koya a aji. Wanda ya iya karanta kwanan wata da sunansa, da wuya a sayar masa da kwana 30 a ce masa shekara ce. Mu shiga gidan mutane da sallama, mu fito kafin a ce mun daɗe. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya.

TAMBAYOYI

1. Wa ke ba da fasfo, wa ke ba da biza?
2. Wane abu uku za mu duba a jikin biza?
3. Bayan kwana nawa da yin allura katin shawara ke fara aiki?
4. Mutum ya shiga Gana ran 1 ga Yuni. Wace rana kwanakinsa 90 za su cika?
5. Me ya sami baƙin da ba su da iznin zama a Gana a 1969?