Samfurin Takarda a Shagunan Bugu na Abijan

Duk wanda ya ratsa kewayen kasuwar Belleville a Treichville, ko ya kutsa cikin cunkoson tashoshin mota na Adjamé, inda Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe suna fatauci, ba zai rasa ganin 'yan shaguna masu kwamfuta da injin bugu ba, waɗanda mai neman aiki da mai ba da haya da ɗan kasuwa ke dosa kullum. Domin kuwa Faransanci ne harshen hukuma a Kwaddibuwa, kuma wasiƙar ofis a wannan harshe tana da ladubban buɗewa da rufewa waɗanda ko mai jin sa a baka yakan yi tuntuɓe a cikinsu.

Abin da ke sauƙaƙa wa mai shago aikinsa shi ne samfuri, wato takardar da aka riga aka ƙayyade mata faɗin gefe da salon haruffa da mazaunin adireshi da kalmomin girmamawa, aka bar gurbin suna da kwanan wata da buƙata kawai. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gama katiban Sakkwato, tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, bisa tartibi sananne suke rubuta wasiƙa, da basmala da salati, da sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, da gaisuwa, kana a shiga magana, hatimi kuma ya zama shaida.

A kwamfuta kuwa, manhajar Word, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 1983, ba ta buɗe ko da farar takarda sai daga wani samfuri mai suna Normal. Tun daga fitowar 2007 kuma sunan fayil ɗin samfuri yakan ƙare da dotx, na LibreOffice, wadda ake samu kyauta, da ott. Hikimar ita ce, idan aka buɗe irin wannan fayil sabon kwafi ne ke fitowa, asalin yana nan yadda yake.

A nan ne fa gafala take shigowa. Sau da yawa mai bugu, saboda gaggawa, sai ya buɗe wasiƙar wanda ya zo jiya, ya goge sunansa ya sa na wanda ya zo yau, alhali lambar waya ko kuɗin hayar mutumin farko na iya maƙalewa a wani layi; ga ɓata takarda, ga tona asirin wanda ya ba shi amana. A ganina wannan ya fi kuskuren nahawu muni, maganinsa kuwa bai wuce a share wasiƙa ɗaya tsaf a adana ta da sigar samfuri ba.

Sai dai shi ma samfurin yana son a sa masa ido. Wanda aka sauko da shi daga intanet yakan zo da ma'aunin takardar Amurka, ba A4 da ake sayarwa a Abijan ba, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo. Wani kuma kwanan watansa yakan sauya da kansa duk ranar da aka buɗe shi, abin da kan haddasa jayayya a kan rasit ko yarjejeniya. Mai son katin gayyatar ɗaurin aure da Hausa kuwa, sai ya tabbata salon haruffan yana ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ kafin a kai ga bugu.