Damargu: me ke sa mota shaƙewa bayan an canza mata hanyar shan iska?

Duk direban da ke bin hanyar ƙasa mai lamba 11 daga Damagaram zuwa Tanut, tafiyar kusan kilomita 150, ko wanda ke ratsa rairayi ya nufi Belbeji a yamma, ya san cewa babban abokin gabar inji a Damargu ƙura ce. Shi ya sa masu motoci ke taɓa hanyar da inji ke shan iska: wani ya ɗaura doguwar tiyo a gefen gilashin gaba domin iska ta shigo daga sama, wani ya cire akwatin matatar iska ya maƙala ƴar matata mai siffar mazurari, wani kuma ya sayo maƙogwaron iska na tsohon inji ya ɗora a nasa. Wani lokaci aikin na tafiya lafiya. Wani lokaci kuwa, kwana ɗaya ko biyu bayan an fito daga gareji, sai mota ta fara fizga idan an taka totur, ko ta mutu a tsaye, ko inji ya riƙa kuka shi kaɗai ba a taka komai ba, ga kuma ƴar fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba.

A nan ne ake kama wata ƴar na'ura da laifi. Kanikawa na kiranta TPS, waɗanda suka koyi aiki da Faransanci kuma su ce kaftar papiyon. Sau da yawa ana saye sabuwa a ɗaura, kuɗi su tafi, ciwon na nan.

Domin gane dalili, sai an san aikinta. A cikin maƙogwaron iska na motar fetur akwai wani faifai mai juyawa, shi ne papiyon. Idan direba ya taka totur, faifan ya buɗe, iska ta ƙaru. Ita TPS tana zaune ne a ƙarshen sandar faifan, tana sanar da kwamfutar mota ko nawa ya buɗe. A nau'in da ya fi sauƙi wayoyinta uku ne: ɗaya na kawo mata volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun kuma ita ke mayar da saƙo. Idan faifai na rufe saƙon yana kusa da rabin volt, idan an buɗe shi gaba ɗaya ya haura zuwa wajen volt 4 ko 4,5, gwargwadon motar. Wasu tsofaffin Toyota suna da waya ta huɗu, wadda ke shaida wa kwamfuta cewa ƙafa ta bar totur, inji na kan ralanti.

Amma kwamfuta ba da maganar TPS kaɗai take raba fetur ba. Tana kuma sauraron na'urar da ke auna yawan iskar da ta wuce bayan matata, wadda ake kira debimetir, ko kuma mai auna ƙarfin zuƙo a cikin inji, sannan ga na'urar iskar oksijin a salansa. Muddin shaidun nan sun yi daidai da juna, mota na tafiya sumul. Canza hanyar iska yakan sa su saɓa. TPS ta ce faifai ya buɗe kaɗan, debimetir ta ba da wani lissafi dabam, salansa kuma ta ce fetur ya yi ƙaranci. A wasu motoci, irin wannan saɓanin shi ke fito da lambar P0121, lambar da ke ɗauke da sunan TPS alhali ita gaskiya ta faɗa.

Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Tarayyar Turai ga motocin fetur, doka ta wajabta sa mahaɗa iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari domin karanta irin waɗannan lambobi. Galibin tsofaffin motocin da ke shigowa Nijar daga tashoshin ruwa na gaɓar teku suna da ita. P0122 na nufin saƙon ya yi ƙasa sosai, P0123 ya yi sama sosai, kuma dukansu biyu sun fi nuni ga waya ko fulogi. P0171 kuwa na cewa iska ta fi fetur yawa. Wanda ya ga P0171 tare da lambar TPS bayan an yi aikin tiyo, to ya fara neman inda iska ke satar hanya.

Wannan satar iska ita ce ta fi cancantar tsayawa a kanta, domin a ƙasa irin Damargu illarta ta wuce fizgar mota. Duk wata ƴar kafa tsakanin matata da inji, ko maɗaurin tiyo ne bai kama ba, ko tiyon ya tsage a lanƙwasa, ko an manta wani ƙaramin tiyo a buɗe, ko an mayar da tsohon gasket a ƙarƙashin maƙogwaro, tana shigar da iskar da ba a auna ba. Idan kafar tana gaban faifai, iskar ba a kuma tace ta ba kenan. A lokacin hunturu, ko a bayan babbar mota ɗauke da buhunan gero a kan hanyar Gangara, abin da ke shiga ta wannan kafa garin rairayi ne, kuma yana cin zobban fistin a hankali har inji ya fara shan baƙin mai. Akwai gwajin da ba ya cin ko dala: a kashe mota, a kwance tiyon da ke bayan matata, a shafa cikinsa da yatsa. Ya kamata yatsa ya fito tsaf. Idan ya fito da ƙura, an riga an samu amsa. Da inji a kunne kuma, kafa takan yi ƴar shewa da kunne ke ji. Wasu na fesa maganin wanke kabureta a mahaɗai su ji ko kukan inji zai canza. Dabara ce mai aiki, amma abu ne mai kama wuta a kusa da inji mai zafi.

Ita ma matatar mazurari tana da nata. Irin da ake shafa wa mai tana iya barin maiƙo a kan siririyar wayar debimetir, ƙura ta manne, awo ya karkace. Tiyon da faɗinsa ya fi na asali ma yana ruɗa debimetir, tunda an daidaita ta ne da faɗin da kamfani ya yi. Ƙarfin da ake zaton samu ɗan kaɗan ne, in ma akwai shi, kuma matatar takarda a cikin akwatinta na asali ta fi riƙe ƙura mai laushi. Doguwar tiyo ta sama dai tana da amfani a rairayi, idan an toshe mahaɗanta da kyau.

Bayan iska sai a dubi abin da hannu ya taɓa. Fulogin TPS yakan saki ko ƙafafunsa su lanƙwashe lokacin kwance kaya, sabon tiyo kuma yakan danne wayar ko ya ja ta. A motoci masu igiyar totur, idan an ɗaure igiyar ta yi tsauri faifai ba ya komawa ya rufe. Akwai kuma wani ɗan kusa da faifan ke jingina a kansa. Kamfani ne ya saita shi, kuma murɗa shi domin gyara ralanti na ɓata lissafin TPS gaba ɗaya. Idan maƙogwaron na wani inji ne, ko da ƙusoshi sun dace, na'urarsa na iya bambanta da wadda kwamfutar ta sani.

Sai yanzu ake zuwa kan TPS ɗin kanta. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a ɗora mita a kan wayar saƙo, a buɗe faifai sannu a hankali. Lamba ta hau a jere ba tsalle. Idan ta faɗi a wani wuri ta sake tashi, na'urar ta cinye daga ciki, galibi daidai inda ƙafar direba ta fi zama, kuma a nan canza ta ya zama dole. Idan volt 5 ɗin ne babu, sabuwar na'ura ba za ta gyara komai ba, laifin na waya ne ko na kwamfuta.

Sababbin motoci, kamar Land Cruiser mai injin fetur V6 na lita 4, ba su da igiya. Ƙaramin injin lantarki ke juya faifai, saƙo biyu ne ke fita suna duba juna, kuma idan sun saɓa sai kwamfuta ta rage ƙarfin mota da gangan. Wanda hakan ta same shi tsakanin Tanut da Adarbisanat zai iya rarrafawa, amma ba zai iya hawan tudun rairayi da kaya ba. A irin waɗannan motoci kada a sa yatsa cikin maƙogwaro makulli na kunne, faifan na iya datse shi. Kuma idan an cire batir ko an wanke maƙogwaro, kwamfuta kan manta ralantin da ta saba. A wasu motoci barin inji ya yi zafi ya zauna ƴan mintoci ba fitila ba na'urar sanyi ya isa, a wasu kuwa sai an haɗa na'urar bincike.

Masu tsofaffin motocin gazuwal irin 1HZ ba wannan ce damuwarsu ba, famfon mai ke raba musu aiki, sai dai kafar ƙura tana cin injinsu kamar kowa. Ga masu fetur kuma, kafin a tuhumi wata na'ura a tuna inda aka sha mai na ƙarshe. Matatar man Soraz tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa, a gundumar Tanut ɗin kanta, tun 2011, amma fetur ɗin da ya kwana a jarka ko kwalba a bakin hanya yakan ɗauki ƙura da ruwa, kuma fizgar da yake sa mota tana kama da ta TPS ƙwarai. Direban da zai shiga daji bayan gyara ya ajiye tsohon akwatin matatarsa da tiyonsa a bayan mota. Mayar da su aikin ƴan mintoci ne, kuma idan ciwon ya tafi da hakan, babu sauran tambaya kan inda yake.