Su Wa Yaron Ke Ba Umarni da Tsakar Dare a Yangoji?

Maƙwabci ne ya fara ji. Ya fito kama ruwa wajen ƙarfe biyu na dare, sai ya tsinkayi magana ƙasa-ƙasa daga ɗakin da ke jikin katangarsa, ɗakin saurayin gidan. "Su biyu ne, suna bayan gidan. Kai ka zaga ta hagu. Kada ka harba sai na ce." Aka yi shiru na ɗan lokaci. Can sai muryar ta dawo: "Na kwantar da ɗaya. Ku kwashe kayansa."

Wanda bai san Yangoji ba ba zai gane nauyin waɗannan kalmomi ba. Garin yana bakin babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, cikin ƙaramar hukumar Kwali, kuma a 'yan shekarun nan ƙauyukan yankin sun sha fama da masu garkuwa da mutane. Kowa ya san ba sa shiga gari sai da ɗan gari, wanda ake kira infoma. Duk yaron da aka jefa da wannan zargi, kafin a kai ga bincike sanda ta riga ta sauka a kansa. Allah ya sa maƙwabcin dattijo ne mai hangen nesa. Bai nufi wurin 'yan banga ba. Ya bari aka idar da sallar asuba, ya yi sallama da matar gidan, ya gaya mata abin da kunnensa ya ji, ya ce ya ba ta 'yan kwanaki kafin ya kai maganar gaban mai unguwa.

Matar gidan yayata ce. Mijinta direban tirela ne, yakan yi makonni bai kwana gida ba. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Ka zo ka ga ɗan naka." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa ko da hankalinta ya tashi. Da na iso ta zayyana mini abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Yaron da a da shi ke tashin ƙannensa da asuba, yanzu sai hantsi ya dubi ludayi yake miƙewa. Idanu ja, ya rame, magana kaɗan ya hau faɗa. Maigidansa a shagon walda ya koro shi saboda gyangyaɗi a bakin aiki. Kuɗi kuma suna ɓacewa daga gwangwanin cinikin kayan miyarta, yau ɗari biyar, jibi dubu.

Na fara da zargin da ya fi muni, kuma shi ne ya fi saurin rushewa. Ƙofar gidan ɗaya ce, uwar ke kulle ta da kwaɗo, makullin a ƙarƙashin matashinta yake kwana. Katangar da zai iya haurawa ta maƙwabcin ce. Ba a sace kowa ba, ba a harbi kowa ba a unguwar a daren da aka ji maganar. Sannan infoma biyansa ake yi, ba ya bin gwangwanin uwarsa yana tsintar ɗari biyar. Abu ɗaya ne ya rage da ɗaure kai: wayar yaron tana hannun ubansa, ya ƙwace ta watanni da suka wuce ya tafi da ita. To da me yake magana, kuma da wa?

Kakarsa ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Uwar kuwa hankalinta ya tafi ga shaye-shaye, kuma tana da hujja. Tun 2018, lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton da BBC ta yi a kansa, babu uwar da ba ta san sunan kodin da tiramol ba. Ta ce ƙila abin ya kai shi ga magana da mutanen da babu su. Muka shiga ɗakin da rana yana waje. Babu kwalba, babu fankon ƙwaya, babu warin komai. A cikin rigar matashi muka samu abin saƙala wa kunne wanda aka ɗaure wayarsa da salatif, da ƙaramin batirin ajiye caji, da wasu 'yan safa baƙaƙe guda biyu waɗanda ba za su shiga komai ba sai babban yatsa. Sai kuma farar hoda a ƙulle cikin leda. Yaya ta gan ta ta zauna daɓas a bakin katifa tana salati. Na shinshina. Hodar jarirai ce, irin wadda take shafa wa autarta.

Daga nan na bi sawun kuɗin. Mai POS na bakin titi ya san yaron sarai. Na tambaye shi ko caca yake yi, ya girgiza kai. "Alhaji, 'yan caca na san su. Asabar da Lahadi suke cika nan kafin a take ƙwallo, kuma wata rana sukan dawo cire ɗan abin da suka ci. Wannan tura wa mutum ɗaya yake yi kullum, bai taɓa cire ko sisi ba. Sauran kuma data yake saye, ta dare."

Ta dare. Kamfanonin waya a ƙasar nan suna sayar da data mai rahusa wadda ba ta aiki sai daga tsakar dare zuwa asuba. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara raja'a a kan wannan garaɓasa. Wannan ya bayyana mini lokacin. Bai bayyana mini wayar ba.

Mai cajin waya ne ya warware wannan. Rumfarsa cike take da wayoyi, kowace da lamba a manne, janareta na ruri a baya. Da na kwatanta masa yaron sai ya miƙa hannu ya zaro wata tsohuwar waya ta hannu, fuskarta a tsage, bayanta ya kumbura. Ya ce kullum da safe ake kawo ta a mace, da yamma a karɓa. Ya karkata ta ga haske ya nuna mini gefenta biyu, hagu da dama, inda gilashin ya dushe saboda gugar yatsa. "Ɗan gem ne, Alhaji. Dubi inda yatsunsa suka cinye." Na tambaye shi safar da hodar. Ya ce safar a babban yatsa ake sa ta, hodar kuma a barbaɗa, don kada gumi ya hana yatsa sulɓi a kan gilashi.

A daren nan na ƙwanƙwasa ɗakin bayan sha biyu. Na ce masa ban zo da bulala ba, na zo in gani. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya zaro wayar daga cikin takalmi. Ba zan ambaci sunan wasan ba, don irinsa suna da yawa kuma tsarinsu kusan ɗaya ne. Matasa sun san PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile, waɗanda duk suka fito tsakanin 2017 da 2019. Ana sauko da 'yan wasa hamsin ko ɗari daga jirgi zuwa wani tsibiri, kowa ya nemi makami, filin yana ta tsukewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Ƙungiya mutum huɗu ce, suna jin muryar juna kai tsaye. Abokan ɗan yayata ɗaya yana Kano, ɗaya yana Maraɗi, ɗaya yana zangon Kumasi a Gana, kuma da Hausa suke magana. Gidan da ake zagawa ta hagu zane ne a fuskar waya. Wanda aka kwantar kuma wani yaro ne a wata ƙasa, wanda zai sake shiga sabon zagaye bayan minti ɗaya.

Hankalina ya kwanta ta wannan fuska, amma tambayar da ta fi damuna tana nan. Me zai sa yaro mai hankali ya sayar da barcinsa da sana'arsa, har ya sa hannu a kuɗin uwarsa, a kan zane?

Amsarsa ta farko ita ce, "Kawu, in ban shigo ba su uku ne, cinye su za a yi." Wannan shi ne bambancin wasan da ake yi da mutane ta intanet da wanda mutum ke yi shi kaɗai. Ba a dakatar da shi, kuma akwai masu jiranka. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya ba abokai kunya, da wannan tarbiyyar ake kama shi. Ya nuna mini sauran ƙugiyoyin da kansa. Akwai matsayi da ke hawa in ka ci, ya sauka in an ci ka, kuma bayan 'yan makonni a rage wa kowa a sake sabon lale. Akwai kyautar shiga kullum, wadda ke yankewa in ka tsallake rana. Kuɗin da yake tura wa mutumin nan na sayen kuɗin cikin wasa ne, da su ake juya wani faifan sa'a ko a buɗe akwati ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Mafi yawan abin da ake samu ado ne, riga da fentin bindiga. Ya ce wanda ya shigo da rigar da ake ba kowa kyauta, dariya ake yi masa.

Ashe tunanin caca bai yi nisa da gaskiya ba. Tun a shekarun 1950 masanin halayyar nan na Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya nuna da tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa a nace fiye da ladan da ke zuwa a kan ƙa'ida. Da wannan dabara injin caca ke aiki, da ita kuma akwatin sa'a ke aiki. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ce. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan zargin keta sirrin yara da yaudarar 'yan wasa su sayi abin da ba su yi niyya ba. Ni a ganina, wanda ya ce wa iyaye "ai wasa ne kawai" bai yi musu adalci ba. Ƙwararru ne suka zauna suka tsara abin don ya yi wuyar ajiyewa, sannan aka miƙa shi ga ɗan shekara sha bakwai.

Sai dai akwai abin da ya hana ni ɗora wa wasan laifin duka. Na karɓi abin kunnen na gaisa da na Kano. Tela ne, magidanci. Ya ce, "Wallahi Kawu, mu ƙarfe ɗaya muke sauka, gobe akwai aiki. Shi ne ke zama da baƙi har asuba. Mun yi masa magana." Mutum huɗu, wasa ɗaya, data ɗaya, amma ɗaya ne kaɗai ya nutse. Haka ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gani. A watan Mayun 2019 ta sa larurar wasan gem cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, amma ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kamawa. Ba da yawan sa'o'i take aunawa ba. Alamominta uku ne: mutum ya kasa riƙe linzamin wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Kuma yawanci sai abin ya kai wata 12 yana lalata karatu ko aiki ko zaman iyali. Telan Kano ba ya cikin wannan sahu. Ɗan yayata kuwa alamomin uku duk sun bayyana a kansa.

To me ya sa shi? Sai kusan asuba ya faɗa. Ya gama sakandare, ya rubuta JAMB, makinsa bai kai ba. Abokansa biyu suna Jami'ar Abuja a Gwagwalada, nan kusa, suna wucewa ta gabansa da jaka. A shagon walda shekara guda ba a taɓa ba shi kan walda ya riƙe ba, aikinsa ɗauko ƙarfe da sayo ruwa. Ubansa in ya dawo tambaya ɗaya yake yi, nawa ka kawo. "A nan kuwa, Kawu, in na ce a tsaya ana tsayawa." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ya tsage tun kafin a sayi wayar.

Shi ya sa ƙwace waya bai yi magani ba, sai ma ya koya masa ɓoyo da sata. Ƙasashe ma sun gwada ƙarfi. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe a 2011, ta soke dokar a 2021. Sin kuwa a Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kuma can ma akwai yaran da ke shiga da sunan manya.

Da gari ya waye muka kai wayar gaban maƙwabcin, yaron ya buɗe wasan ya nuna masa da hannunsa, maganar mai unguwa ta mutu a nan. Uwar ta lissafa abin da ya ɓace, aka rubuta shi bashi a kansa. Na je na roƙi maigidansa, ya mayar da shi, ya kuma yarda ya fara koya masa walda ta gaske. Wayar a ɗakin uwar take kwana, yana karɓa bayan isha'i ya mayar kafin sha ɗaya. Na Kano da na Maraɗi sun yarda sun dawo da wasansu wannan lokaci, ko da yake datar ta fi tsada. Ba a warke sarai ba. An sake kama shi da wayar aro, kuma har yanzu ranar da aka ci su yakan wuni yana huci.

Iyayen da ɗansu ya kai shekara a irin wannan hali, barci ya lalace, aiki ko karatu ya tsaya, hannu ya fara ɗauke-ɗauke, kada su tsaya ga bulala da ƙwace waya. Su zauna su ga abin da yake yi, su tambaye shi su wa ke jiransa a ciki. In abin ya faskara, asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan Gwagwalada, su kai shi ya ga likita.