Ɗumin Nama Ba Shi Ne Taushinsa Ba

A Tamanrasset ta Aljeriya in ka ji an ce "mainama", ba mutum ake kira ba, abinci ake nufi. Kalmar tamu ce. Ta biyo mutanen Nijar ta hanyar Agadas da Arlit, ta haye iyaka a In Gezzam, ta zauna a bakin Buzaye da Larabawa har ta zama sunan gasasshen naman rago da ake yayyankawa, a barbaɗe da yaji, a zuba albasa, a naɗe a takarda. Bakano zai ce balangu. Ranar da ake babban wasan ƙwallo kuwa, tun la'asar hayaƙinsa ke tashi a unguwanni irin su Gat el Wad da Tahaggart, wasu a wurin masu sayarwa, wasu a tsakar gida.

A irin wannan rana tambaya ɗaya kowa ke yi wa mahauci: "Yankan yau ne?" Shi kuma ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji, ko hucewa bai yi ba." Sai a biya kuɗi da murna. Na taso ina jin cewa naman da aka yanka yau shi ne na gashi, wanda ya kwana kuwa sai dai miya. Manyan da suka faɗa mana haka ba don rashin sani suka faɗa ba. A garin da ba firji, ga rana, ga ƙuda, ɗumin nama shi ne shaidar cewa bai lalace ba, kuma shi ne shaidar cewa a nan aka yanka shi, Musulmi ya yanka. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai hujja ce ta lafiya da ta amana. Inda muka yi kuskure shi ne da muka mai da ita hujjar taushi.

Ranar Lahadi 14 ga Yuli 2019, Aljeriya da Najeriya suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka a Alƙahira. Gidanmu ya rabu biyu, mu da muka zo da girmanmu muna bayan Najeriya, yaran da aka haifa a nan suna bayan Aljeriya. Na sayo cinyar rago yankan safe, ina ta cika baki. Bayan magariba muka ɗora ta kan garwashi. Ƙamshi ba a magana. Amma da aka fara ci sai ɗakin ya yi tsit, kowa yana fama da muƙamuƙi kamar mai tauna igiyar guga. Wani dattijon maƙwabcinmu ya ajiye nasa a gefen faranti ya ce, "Ɗana, wannan ragon har yanzu bai yarda ya mutu ba." Kafin Mahrez na Aljeriya ya buga bugun tazarar nan a minti na ƙarshe ya kashe wasan 2 da 1, ni an riga an cinye ni.

Maganar dattijon ba ba'a kaɗai ba ce. Idan aka yanka dabba, jini ya daina kai wa tsoka iska, amma tsokar ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da ƙona ɗan ƙarfin da ya rage mata, yana ƙarewa sai zararrukan naman su kama juna su ƙi saki. Wannan ita ce sandarewar da kowa ya sani a jikin gawa. A rago takan kankama cikin sa'o'i kamar 6 zuwa 12, zafin gari kuma yana gaggauta ta. To yi lissafi: an yanka da hantsi, an gasa bayan magariba. Ka ga mun ɗora nama a wuta daidai lokacin da ya fi kowane lokaci tauri. Bayan nan ne wasu sinadarai da ke cikin naman kansa suke fara tsinka waɗannan zararruka sannu a hankali, in yana wuri mai sanyi. Kwana ɗaya ma da bambanci, kwana uku zuwa biyar ya fi. Na saniya da na raƙumi, wanda ake ci sosai a nan, sun fi na rago buƙatar haƙuri.

Abin mamaki, iyayenmu sun san wannan a aikace, a baki ne kawai suke faɗin akasinsa. Dubi Babbar Sallah. A gidaje da yawa na Kano da Katsina ranar yanka kayan ciki ake ci, gangar jikin a rataye ta, sai washegari a sassara a soya. A Aljeriya ma haka: ranar farko ta hanta ce, a naɗe ta da kitsen nan mai kama da raga a gasa, abin da suke kira malfuf, tsoka kuwa sai ta kwana. Hanta da ƙoda da zuciya, a nan masu cewa "yankan yau" suna da gaskiya ɗari bisa ɗari, ba sa son jira. Haka nan in za ka yanka ka gasa a take, kafin naman ya sandare, za ka iya dacewa. Amma wa ke yanka rago ana saura sa'a ɗaya a take wasa?

Mutanen Afirka ta Kudu, waɗanda suka ɗauki gashin nama da suke kira brai da muhimmanci har ranar hutun 24 ga Satumba ta zama ranarsa a wurin da yawansu, ba sa tambayar ɗumi. A wuraren shisa nyama na Soweto mutum yakan zaɓi namansa a shagon mahauci a gasa masa nan take, amma naman daga ɗakin sanyi ya fito. Abin da suke dubawa shi ne kitse da kaurin yanka.

Mu ma abin da ya kamata mu duba ke nan. Tumakin da suka fi yawa a nan irin na Buzaye ne, masu gashi ba ulu, dogayen ƙafafu, sun sha tafiya, ba su da kitse sosai. Cinyar irin wannan rago tsoka ce zalla, saurin bushewa gare ta. Haƙarƙari da kafaɗa sun fi jure wuta saboda kitsen da ya ratsa su. A bar harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka, sannan a ɗora. Yajin ƙuli a ƙarshe, don ƙonewa yake yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, kwanan nama a firji ake nufi, ƙasa da digiri 5. Tamanrasset tana kan tudu, kusan mita 1,400, daren hunturunta da sanyi, amma a watan Yuli wanda ya rataye nama a zaure ya nemo wa iyalinsa ciwon ciki. Wanda ba shi da firji, ko wutarsa ba tabbas, ya tsaya kan yankan yau ɗin, ya yanka shi siriri kamar na tsire. Na biyu, kada a jefa nama mai ɗumi cikin firiza. Sanyi mai tsanani kafin ya gama sandarewa yana sa tsoka ta takure, ta fi na farkon tauri.

Wasan ƙarshe tsakanin Aljeriya da Senegal ya faɗo ranar Juma'a 19 ga Yuli. Tun Laraba na koma wurin mahaucin na ce ya ba ni haƙarƙari da kafaɗa. Ya ce, "Alhaji, ai wasan sai jibi." Na ce na sani. Matata ta kwashe robobin ruwa ta ba naman wuri a ƙasan firji. Bounedjah ya ci wa Aljeriya ƙwallo a minti na biyu, ina tsakar gida ina fifita garwashi, ihun yara kawai na ji. Dattijon nan, da haƙoransa da suka rage, shi ya side ƙashin ƙarshe.