Silbanait: Ma'adinin da Ke Ɓoye Zinariya da Azurfa

Masu sayar da gwal a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna sun san zinariya da launinta da nauyinta. Ita ce irin wadda ake haƙowa a Birnin Gwari tun zamanin Turawa: ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a cikin farin dutse, a daka, a wanke a kasko, su kwanta a ƙasa. Amma akwai zinariyar da ko ƙwararre ya gan ta sai ya wuce.

Silbanait ma'adini ne da ba a cika samunsa ba. Zinariya da azurfa ne suka haɗu da wani sinadari mai suna teluriyam. Wajen kashi 24 cikin 100 na nauyinsa zinariya ce, kashi 13 azurfa, sauran teluriyam. Launinsa fari-fari ne zuwa toka-toka, yana ƙyalli. Taushi gare shi, har farce na iya kartarsa, ga saurin farfashewa. Ya ninka ruwa sau 8 a nauyi, alhali tsantsar zinariya sau 19 ce. Wani lokaci yakan shimfiɗu a jikin dutse tamkar an yi rubutu da alƙalami.

Ya samo sunansa daga yankin Turansilbaniya na ƙasar Romaniya, inda Müller von Reichenstein ya gano teluriyam a 1782. Ana samunsa kuma a Kolorado ta Amurka, da tsibirin Fiji, da Kalguli ta Ostireliya.

Labarin Kalguli ya isa abin tunani. Da aka gano zinariya a can a 1893, mahaƙa sun riƙa watsar da wani ɗan'uwan silbanait mai suna kalaberait, har ana cike ramukan titi da shi. Sai a 1896 aka gane abin da ke ciki, jama'a suka koma tonon tituna.

Dalili kuwa shi ne teluriyam ya riƙe zinariyar gam. Zaibar da mahaƙanmu suka dogara da ita, duk da illarta ga lafiya, ba ta iya kamo ta da kyau. Sai an gasa dutsen da wuta mai ƙarfi teluriyam ya ƙone ya fita, zinariyar ta tsattsafo ƙwaya-ƙwaya. Shi ya sa a ganina bai kamata mahaƙi ya yanke wa dutse mai nauyi hukunci da ido ba. Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa tana da ɗakin gwaji a nan Kaduna, can ya dace a kai shi.