ZAIZAYAR BAKI: Ciwon Da Ke Farawa Daga Dasashi

A wannan makon muna so mu ja hankalin 'yan'uwa masu karatu, musamman na ƙauyukan tsakiyar Jihar Katsina, irin su Ƙofa da sauran garuruwan Kusada da Kankia, zuwa ga wani ciwo na ƙananan yara wanda ba a cika maganarsa ba. Likitoci suna kiransa noma. Kada a ɗauka noman gero da dawa ake nufi. Kalmar ta Helenanci ce, ma'anarta kuwa cinyewa, kamar yadda dabba take cinye ciyawa. A ƙasar Hausa ma'aikatan lafiya sukan ce masa zaizayar baki, a ƙauye kuwa wasu su ce ciwon iska, wasu su ce ciwon daji. Mu dai mun fi son sunan zaizayar baki, domin shi ne ya faɗi ainihin abin da ciwon yake yi, ba ya kuma sa uwa ta kama hanyar gidan boka.

Ciwon yakan kama yara masu shekara 2 zuwa 6. Farkonsa ba abin tsoro ba ne a ido, nan ne kuwa haɗarin yake. Dasashin yaro zai yi ja, ya kumbura, da an taɓa sai jini. Bayan kwanaki kaɗan sai gyambo ya fito a bakin haƙora, yaro ya ƙi cin abinci domin zafi, yawu yana dalala, baki kuma ya soma wani irin ɗoyi da ya wuce warin baki na kullum. Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa jin wannan ɗoyi ba ya mantawa da shi. Idan aka bar shi, sai kunci ko leɓe ya kumbura, ya yi tauri yana sheƙi, ga zazzaɓi. Daga nan wani tabo mai duhu zai bayyana a tsakiyar kumburin, watau naman wurin ya mutu ke nan. Mataccen naman ya zube, ya bar rami a fuska, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi da haƙora da hanci. Tsakanin jinin dasashi da ramin fuska, sau da yawa bai fi mako biyu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ne ciwon yake kamawa kowace shekara, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. Wannan tsohon ƙiyasi ne, amma har yanzu shi ake ambata. Abin da ya sa ƙidaya take da wuya shi ne yawancin yaran a gida suke rasuwa, a binne su ba tare da wani ya rubuta sunan ciwon ba.

To, me ke kawo shi? Ba iska ba ce, ba maita ba, ba kuma baki ko sammu ba. Ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu dalilin raba wa yaro kwano ko hana shi wasa da 'yan'uwansa. Ƙwayoyin cutar da ke yin wannan ɓarna, irin waɗanda suke zaune cikin bakin kowane ɗayanmu ne. Muddin jiki yana da ƙarfi ba sa iya kome. Amma idan tamowa ta ci ƙarfin yaro, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya, ga shi ba a wanke masa baki, sai garkuwar jikinsa ta faɗi, ƙwayoyin su sami hanya.

Tarihi ya goyi bayan wannan bayani. Zaizayar baki ta daɗe tana kashe 'ya'yan matalauta a Holan da Jamus da Ingila. Sa'ad da abinci ya wadata, tsabta ta ƙaru, sai ta yi ta raguwa tun kafin a sami maganin fenisilin. Ba a sake ganinta da yawa a Turai ba sai lokacin yaƙin duniya na biyu, a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa. In da iska ce, da ba ta san bambanci tsakanin ƙosasshe da mayunwaci ba.

Wannan ne ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda take kula da yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021, ta ba da sanarwa cewa daga Janairu zuwa Yuni na 2025 ta duba yara kusan 70,000 masu tamowa a jihar, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta, akasari domin an kawo su a makare. Duk inda tamowa ta kai haka, an share wa zaizayar baki fili.

Akwai kuma al'adarmu ta yaye, wadda ya kamata mu duba ta da idon basira. Rana ɗaya a cire yaro daga nono, a kai shi wurin kaka, abincinsa ya koma koko da safe, tuwo da miyar kuka da dare. Kaka ba ta yi laifi ba, abin da ta saba da shi ke nan. Amma koko tsagwaronsa ruwa ne da ɗan tsaki, ba ya gina jiki. Abin mamaki, gyaɗa da wake da waken suya da muke nomawa muna kaiwa kasuwa, su ne yaron yake bukata. A dama masa kunun gyaɗa, a zuba garin waken suya cikin koko, a ba shi ƙwai, da nonon shanu da aka tafasa, da ganyen zogale a miya. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe, ta kuwa hana yara da yawa abinci mafi araha da ke cikin gidansu. Watannin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, su ne lokacin da ya fi kamata a sa ido.

Yanzu ga labari mai daɗi. Idan aka kama ciwon yana dasashi, ko ma kunci ya fara kumbura, maganinsa yana da sauƙi da araha. Ma'aikacin lafiya zai ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi amoksisilin tare da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Zai wanke bakin, ya yi maganin zazzaɓi ko gudawa in akwai, ya ba da bitamin A da abincin tamowa. Cikin 'yan kwanaki ɗoyin ya ragu, yaro ya koma cin abinci, fuskarsa ba tabo. Amma fa kada a ce tun da an ji sunan magani sai a je kemis a sayo ƙwaya huɗu. Awon maganin yaro ya danganta ga nauyinsa, kuma tilas a sha shi har kwanakin su cika. A gida, kafin a isa asibiti, abin da za a iya yi shi ne a tafasa ruwa, a bari ya huce, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya, a riƙa goge dasashin da tsumma mai tsabta sau da yawa a yini. Wannan taimakon farko ne kurum. Kada a yarda a tsaga kumburin, ko a ƙona shi, ko a cusa masa garin magani.

Ga mutanen Ƙofa da kewaye, matakin farko shi ne ɗakin shan magani mafi kusa ko Babban Asibitin Kankia. Idan kunci ya riga ya kumbura ko tabon ya bayyana, wannan na kwanciya ne, a ranar za a tafi ba gobe ba. Daga can ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin haƙori da muƙamuƙi. Muna roƙon iyaye maza a nan musamman. Sau da yawa uwa ta ga alamar tun da wuri, amma tana jiran izini da kuɗin mota daga maigida, shi kuwa yana jiran ranar kasuwa.

Rigakafin bai wuce abin da muka riga muka sani ba. Allurar ƙyanda a wata 9, da ta biyu a wata 15. Bitamin A kowane wata 6. Gidan sauro, da maganin zazzaɓi da ake rabawa yara gida gida da damina. Sai wanke baki, da asuwaki ko buroshi, da zarar haƙori ya fito. Uwa ta saba da ɗaga leɓen ɗanta tana duba dasashi, musamman bayan ya tashi daga ƙyanda. Shugabannin zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi suna ganin yaran nan kowane mako, sun fi kowane likita damar lura da yaron da yake dalalar yawu yana ƙin abinci.

Ba kowane kumburin fuska ne zaizayar baki ba, yana kuma da kyau a san bambanci. Hangum yana kumbura wurin da ke yin yawu a gaban kunne da ƙarƙashinsa, yakan bi yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, ba ya sa ɗoyi, ya kan sace da kansa cikin kwana goma ko kusa da haka. Sai dai in ya kama saurayi ko magidanci yana iya sauka ga maraina, wannan kuwa na ganin likita ne. Kumburin da ke tashi a ƙarƙashin haɓa lokacin cin abinci ya sace bayan an gama, sau da yawa ɗan dutse ne ya toshe hanyar yawu, ana kuwa cire shi. Ruɓaɓɓen haƙori yana iya tara mugunya har ta bazu ƙarƙashin harshe da wuya. In mutum ya kasa buɗe baki ko haɗiye yawu, ko numfashinsa ya soma wuya, ransa yana cikin haɗari a daren nan. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin haƙori, ƙona naman bakinsu kawai suke yi.

Akwai kuma kumburin muƙamuƙi mai saurin girma a yara, wanda yake sa haƙora su yi girgiɗi. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Yuganda a 1958, wani nau'in ciwon daji ne, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an fara da wuri. Ga manya kuwa, musamman masu shan taba ko ƙunsa ta a baki da masu shan giya, duk gyambon baki ko harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, a kai shi a duba.

Mu koma ga waɗanda zaizayar baki ta kama suka tsira. Nasu wahalar ba ta ƙare da warkewar gyambo ba. Yayin da ramin yake haɗewa, tabon yakan janye nama ya ɗaure muƙamuƙi, har mutum ya kasa buɗe baki ko kaɗan. Akwai waɗanda suka shekara goma suna tura abinci ta gefen haƙori ko ta ramin kunci. Magana ba ta fita sosai, yawu yana zuba. Abin da ya fi ciwo shi ne ɓoyo: ba makaranta, ba kasuwa, ba biki, yarinya ta girma da mayafi a fuska ba mai neman aurenta. A cikinmu ma, idan akwai gidan da ke da yaron da ba a taɓa kawo shi sujada ba domin kunya, ya kamata dattawan ikkilisiya su san da shi, su kuma tabbatar wa iyayen cewa ba zunubin kowa ne ya jawo ba.

Irin waɗannan mutane suna da wurin zuwa. Tun 1999 aka buɗe asibiti na musamman domin wannan ciwo a birnin Sakkwato, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar da ƙungiyoyin agaji na Turai. MSF ta shiga aikin a 2014, daga lokacin zuwa 2023 an yi tiyata sama da 1,000 a can, kuma kyauta ne. Likitoci sukan saki muƙamuƙin da ya ɗaure, su yanko fata daga ƙirji ko goshi ko ƙarƙashin haɓa su rufe ramin, su gina leɓe ko hanci. Ba aikin rana ɗaya ba ne, wani sai an shiga da shi sau uku ko fiye, tsakani da watanni. Bayan haka kuma akwai motsa muƙamuƙi kowace rana, in ba haka ba ya sake ɗaurewa. Fuska ba ta komawa kamar da, gaskiya ke nan, amma mutum zai ci, ya yi magana, ya shiga jama'a. A Nuwamba 2023 an buɗe wata cibiyar a harabar Asibitin Ƙasa da ke Abuja, a Damagaram ta Jamhuriyar Nijar kuma ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta daɗe tana wannan aiki. Ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce kuwa ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a yi haka.

Shekaru ba sa hana tiyata. Wanda ciwon ya kama yana ɗan shekara 4, yau yana da 30, ana iya yi masa aiki. Sai dai tafiya daga Ƙofa zuwa Sakkwato tana da nisa, hanyar kuma ta ratsa Zamfara inda tsaro ya yi wuya, ga shi manyan tiyatocin zango zango ake yinsu cikin shekara, lokacin da ayarin likitoci ya zo. Saboda haka kada a kama hanya haka kawai. A fara zuwa Kankia ko Katsina a karɓi takardar turawa, a roƙi ma'aikacin lafiya ya tuntuɓi asibitin ya ji lokacin da za a karɓi mutum, a kuma shirya wanda zai zauna jinya na makonni, ikkilisiya ta taimaka da kuɗin mota da kula da gonarsa kafin ya dawo.