Keke Mai Lantarki da Hawan Tudu

Ƙasar Rano da Kibiya ƙasa ce mai duwatsu, saboda haka manomin Kahu da ya yi niyyar sayen keke mai lantarki, tambayarsa ta farko ita ce ko zai hau tudu da buhu.

Lissafin ba wuya. Mutum da keke da buhun masara sukan kai kilo 200. A tudun da ke tashi taku 1 cikin kowane taku 10, injin wat 250, watau iyakar da Tarayyar Turai ta yanka wa irin wannan keke, ba zai wuce kilomita 5 a sa'a ba. Tafiyar ƙasa ke nan.

To, a nan injuna suka rarrabu. Wanda aka dasa a cibiyar ƙafa, juyinsa ɗaure yake da na taya. In taya ta rage gudu, sai ya zuƙi batir, ƙarfin ya koma zafi, har wayoyinsa su ƙone. Wanda ke wurin feda kuwa, ta sarƙa yake ja. In an mai da sarƙa kan babban faranti na baya, sai inji ya riƙa juyi da sauri, keke na rarrafawa da kayansa. Aibinsa cin sarƙa, amma lalle sarƙa ta fi inji araha.